Zanen Ƙusa a Bangon Zauren Baba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yau kwana arba'in da tara, amma har yanzu in wani ya yi gyaran murya a zaure sai in zabura in ɗauko buta, sai na kai tsakar gida in tuna. Baba, uban mijina, kakan 'ya'yana mata biyu, ya rasu ranar Juma'a tsakanin saukowa daga masallaci da la'asar, yana zaune a kan buzunsa a zauren gidanmu na Roni. Bai kwanta ciwo ba ko na yini guda. Da safen nan ya ci ɗumame, har ya aiko a tambaye ni ko gishiri ya yi araha ne a kasuwa. Kafin magariba an kai shi makwancinsa.

Ban taɓa ganin mutuwar da ta ruɗa mutane haka ba. Direban da yake kawo masa jarida daga Kano ya riga ya kama hanyar Gwiwa, labari ya cim masa, ya juyo da motar har da fasinjan ciki. Ya tsaya a ƙofar gida yana cewa, "Ƙarya ne! Da hannuna na miƙa masa jarida, har ya ce na fara ajiye tumbi." Abokin cinikinsa na Babura, wanda suka yi shekara talatin suna awon hatsi tare, ya zo washegari ya zauna a tabarma har azahar, sannan ya ɗaga kai ya ce, "To ni fa? Ai na girme shi." Kafintan bakin kasuwa, Kirista ne ɗan kudu, bai san abin da ake faɗa a zaman makoki ba, sai ya cire hula ya tsaya a rana yana ta kuka. Liman ya ce a ƙyale shi, ai ta'aziyyar ke nan.

Kafin sadakar uku magana ta gama gari: wai takarda ce ta kashe shi. Wai ya ji kuɗinsa sun narke, zuciyarsa ta buga. Mata suna faɗa ƙasa-ƙasa a tsakar gida, in na gifta su yi tsit. Ba banza suke yin shirun ba, don ni ce na karanta masa jaridar a ranar. Ni ma abin da na ɗauka ke nan. Kwana bakwai na yi ina ganin da bakina na kashe surukina.

Bari in faɗi ko wace takarda ce. Baba mai hatsi ne tun yana saurayi. Da kaka ya bi ƙauyukan Gwiwa da Yankwashi ya sayi gero ya cika rumbuna, da bazara ya kai Babura ya sayar wa mutanen Nijar masu zuwa da sefa. Bai yi boko ba, amma ka tambaye shi kuɗin buhun gero a kowace shekara tun kafin samun 'yancin kai, zai faɗa maka, ya ƙara maka da yadda ruwan shekarar ya kasance.

Lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasa, gwamnati ta ce kamfanonin Turawa su sayar wa 'yan ƙasa hannun jari. Ina amarya a lokacin. Baba ya ji a rediyo, ya yi kwanaki yana tambaye-tambaye, sai kawai muka ga ya kora shanun huɗarsa biyu kasuwa, ya shiga mota sai Kano. Ya dawo da takarda guda ɗaya mai tambari, ta wani kamfanin sabulu. Dalilinsa wai ko an yi fari ko an yi damina, mata ba sa fasa wanki.

Goggo, ƙanwarsa, ta zo daga unguwarsu mayafi a hannu.

"Yaya, shanu biyu! Takarda ce za ta ja maka garma, ko taki za ta yi maka?"

"Za ta haihu," in ji Baba.

"Takardar?"

"Takardar."

Goggo ta tafa hannu ta yi salati ta fita. Sallar shekarar nan ko tuwo ba ta aiko masa ba.

Tun daga makon da ya dawo Baba ya shiga wata sana'a da ba a taɓa gani ba a garinmu. Kowace Juma'a direba ya kawo jarida, mijina ya buɗe shafin baya inda ake jera sunayen kamfanoni, ya karanta masa farashin hannun jarin kamfanin sabulu. Baba yana da wani kara da ya yi wa tsaga-tsaga da wuƙa, kowace tsaga sule guda. Sai ya jingina karan a bango, ya ƙirga tsaga daga ƙasa, ya ciro wata doguwar ƙusa daga aljihu ya karce simintin zauren, ya goga gawayi a kai don ya fito. Juma'a mai zuwa ya matsa faɗin yatsa ɗaya ya sake. Jaridar kuwa ya ba mai ƙosai. Cewa yake gara tana cin takarda, ba ta cin siminti. Ya fara daga hannun dama na ƙofar waje, a hankali zanen ya yi ta tafiya yana hawa yana sauka, yana zagaya zauren.

Mutane fa? Wasu suka ce tsufa ne. Wasu suka ce hatimi ne, Baba ya shiga tsibbu don neman duniya. Goggo tana cikin waɗannan, kuma abin yana ci mata rai sosai, don tana son ɗan'uwanta duk da bakinta. In ta shigo sai ta ratsa zauren kai a sunkuye tana a'uziyya.

Shekara biyar ana haka motar da mijina ya shiga ta kife a hanyar Kazaure. Ba zan tsaya a kan wannan ba, ba shi na zauna rubutawa ba. Na shiga takaba. Jarida tana zuwa kowace Juma'a, ba mai karantawa, Baba ya karɓa ya ninke ya miƙa wa mai ƙosai ko buɗewa bai yi ba. Da na fita takaba 'yan'uwana suka zo daga Kanya Babba za su tafi da ni. Baba ya ce in na yarda a bar masa ni da yaran. Ranar Juma'ar da ta biyo ina wanke-wanke na ji gyaran murya a ƙofar zaure ta ciki. Mutumin da tunda aka kawo ni gidan bai taɓa yi mini magana baki da baki ba, sai aike.

"Uwar yara, an ce kin gama firamare."

Na durƙusa na ce, "Na gama, Baba."

"To zo ki duba mini lambar nan. Mai duba mini ya tafi."

Na zauna a dokin ƙofa na juya fuska gefe, na karanta hawaye na ɗiga a kan jaridar. Na ga ya auna yatsa goma sha tara daga inda zanen ya tsaya, ya bar wurin fayau, sannan ya ci gaba. Na ce Baba me zai hana ka haɗe? Ya ce abin da bai ji ba ba zai zana ba. Gurbin yana nan a bangon gabas, faɗin takabata ke nan.

Daga nan na zama Malama a bakinsa. "Malama, me 'yan Ikko suka ce yau?" Ni in faɗa da kwabo, shi ya mayar sule. A dokin ƙofar nan na koyi abin da ba a koya mini a aji ba. In farashi ya ɗan sauka na damu, sai ya nuna mini da karansa: "Dubi bara war haka. Dubi bariya. Duk inda kika ga ɗan zobe, nan suka aiko da ribar shekara. Kin ga bayan kowane zobe sai ya ɗan rusuna? An tatse ta ne. Ba ki ga ya sake miƙewa ba?" Ya ce farashin rana ɗaya gulma ne, wanda ya ji gulma ya buɗe rumbu shi ya so.

Wani ɗan kasuwa daga Achilafiya ya taɓa zuwa takanas, wai Baba ya duba masa bango ya faɗa masa ko kamfanin zai tashi baɗi. Baba ya ce, "Bangon nan ba boka ba ne, jiya kawai ya sani. Amma wanda ya san jiya ba a razana shi da yau." Ya tambaye shi tun yaushe yake bin farashin. Mutumin ya ce wata guda. Baba ya ce ya je ya dawo bayan damina uku, ya sa aka kawo masa fura.

Sau ɗaya muka ɓata, kuma laifina ne. Wata shekara ƙwari suka cinye masa wake, ga ciwon ƙafa, ga farashin yana ta zamewa mako uku a jere. A na huɗu na ga ya sake sauka, sai tausayi ya kama ni na ƙara masa sule biyu. Ya yi murna ya zana. Ashe direba ya nuna wa wani malamin makaranta shafin a mota, washegari malamin ya zo yana yi wa Baba jaje. Kai! Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Bai ɗaga murya ba, da ma ya ɗaga. Ya kira ni, ya kankare wurin da ƙusa a gabana har siminti ya yi rami, ya ce, "Ni kin tausaya mini. Wanda zai duba bangon nan bayan ba ni, wa ya tausaya masa? Kin sa masa ƙarya a inda zai nemi gaskiya." Juma'a biyu ya yi yana aikawa malamin makarantar ya zo ya karanta masa, ni ina ciki ina cika ina batsewa, don ni ma ina da tawa zuciyar. A ta uku ya aiko mini da tsire a cikin jaridar makon jiya, ya ce a ce da Malama aji ya cika. Shi ke nan ban-haƙurin Baba.

Akwai wasu alamu biyu a bangon da ba a zamanina aka yi su ba, kamar ƙahon saniya. Na taɓa tambaya ya ce, "Nan ta haihu," ya ci gaba da jan carbinsa. Ni kuwa ban bi ba'asi ba, na ɗauka tsohuwar tsiyarsu ce da Goggo. Wannan sakacin ya kusa ja mana.

Watanni kaɗan kafin rasuwarsa ya kira Liman da abokinsa na Babura, ya sa na tsaya a bayan ƙofa in ji. Ya ce 'ya'yana ba su da gadonsa, tunda ubansu ya riga shi tafiya, kuma ba ya jayayya da hukuncin Allah. Amma ya yi wasiyya: gwangwanin da yake ajiye takardun kamfani a ciki na yaran ne, a yi musu karatu da ribar, kada a cire su daga makaranta. Liman ya duba gonaki da rumbuna da gida, ya ce abin bai kai sulusi ba, wasiyya ta tsaya. Ban da wannan gwangwanin marayuna ba su da ko akuya a duniya.

Ranar Juma'ar nan ya dawo masallaci, ya zauna, ya miƙo jarida. Makon da ya wuce farashin naira ɗaya ne da kwabo tamanin. Na bi layin da yatsa, na ga kwabo casa'in. Na sake bi. Na goge ido na sake bi. Wallahi na so in yi ƙarya, bakina har ya buɗe, sai idona ya faɗa kan ramin nan na bango.

"Baba, kwabo casa'in."

"Sule tara? Daga sha takwas?"

"E, Baba."

"Rabi daidai?"

"Rabi daidai."

Ya ce, "Alhamdu lillahi." Irin wadda na ɗauka mutum yake yi in masifa ta same shi. Sannan ya ce, "Je ki duba tukunyarki, ina jin ƙauri." Na shiga ciki. Ban fi rabin sa'a ba na fito da ruwan alwalar la'asar, na same shi ya jingina da bango, karan yana kan cinyarsa, yatsunsa baƙi da gawayi. Na yi sallama sau uku. Ihun da na yi aka ji har bakin kasuwa.

Ban sake leƙa zauren ba, maza sun cika shi. Sai ranar sadakar uku da hantsi na ji Goggo tana cewa a tsakar gida, "Alhamdu lillahi, na rufa wa ɗan'uwana asiri." Na ce wane asiri, Goggo? Ashe tun da sassafe, kafin maza su taru, ta samo mata biyu suka kwaɓa farar ƙasa suka shafe zauren tas. Malamai za su zo daga Kazaure, ba ta so su ga hatimi a bangon mamaci su tafi da shi a baki. Na leƙa. Fari fat, daga ƙofa zuwa ƙofa. Shekara tara na Juma'o'i! Goggo ta dafa ni ta ce, "Yi haƙuri 'yar nan, abin da ya kashe shi ne, gara ido ya daina gani." A ranar ni ma haka na yarda.

A ranar ne kuma wani dillali ya zo ta'aziyya daga Kano, da farar mota da babbar riga mai aiki. Ya ce ya san Baba a wurin sayen hannun jari. Bayan addu'a ya ja Yaya gefe, wato wan mijina, babban ɗan Baba, mai fataucin fata a Kazaure, wanda riƙon marayu ya koma hannunsa. Ya nuna masa jarida, ya ce abin ya faɗi rabi a mako guda, wa ya san na gaba? Shi don zumunci zai karɓi takardun a farashin yau, kuɗi hannu, ranar sadakar bakwai.

Kada wanda ya karanta wannan ya zagi Yaya. Tsoron Allah ne ya kama shi, dukiyar marayu tana narkewa a hannunsa. Ya kira ni ya ce, "Uwar yara, gara mu tsira da rabi. In saya musu awaki da keken ɗinki, abin da ido yake gani." Na ce to, Yaya. Me zan ce?

Amma "rabi daidai" ta ƙi barina. Ina daka ina jin ta, ina tankaɗe ina jin ta. Me ya sa bai ce nawa ya ragu ba, sai ya ce rabi daidai? Mutumin da sule biyu na ƙarya suka hana shi yi mini magana mako biyu, shi ne rabin dukiyar jikokinsa za ta tafi ya tsaya jin ƙaurin tukunya? Ranar bakwai da safe ina wanke wa ƙaramar allonta, na ga yadda ruwa yake ɗauke abin da aka shafa ya bar abin da aka karce a jikin itacen. Na ajiye allon.

An gama addu'a, an raba waina. A zaure akwai Liman, da Yaya, da abokin Baba na Babura, da dillali, da dattawa kamar goma. Gwangwani a buɗe, takardu a kan tabarma, ga wata takardar da Yaya zai dangwala wa hannu. Sai ga ni da bokiti da tsumma. Ni da ko gaisuwa daga bayan ƙofa nake yi!

"Ke! Lafiya?" in ji Yaya. "Ba ki ga maza ba?"

Na durƙusa na ce, "Allah gafarta Malam, a yi mini izini in wanke bango. In ban ga abin da nake nema ba, a sayar, ba zan ƙara magana ba."

Goggo daga ciki tana cewa a riƙe ta, baƙin ciki ya taɓa ta. Liman ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Ku matsa mata."

Na fara daga dama da ƙofa, inda Baba ya fara. Na watsa ruwa na goga, farar ƙasa ta bi bango tana zuba, sai ga baƙin zane yana fitowa, gawayin yana nan kwance a cikin karcen ƙusa. Na bi shi. Yana hawa, ga zobe, ya rusuna, ya miƙe. Na zo wani wuri ya faɗo tsaye kamar an sare shi. Na ce a miƙo mini karan Baba. Na auna a gabansu: sama tsaga goma sha biyu, ƙasa shida. A kansa ga ƙaho. Na ci gaba, zanen ya sake hawa a hankali har ya wuce inda ya faɗo. Kafin gurbin takabata ga wata faɗuwar, sha huɗu zuwa bakwai. Ga ƙaho.

Na juyo na ce, "Yaya, sau nawa Baba ya je Kano sayen takarda?"

"Sau ɗaya."

"Takardu nawa ne a gwangwanin?"

Ya duba tabarma. "Uku." Ya ɗaga su ya sake ƙirgawa. "Ni na ɗauka ƙarowa ya yi a ɓoye don kada Goggo ta ji."

Abokin Baba na Babura ya buga cinya ya ce, "Haihuwa! Wallahi ya faɗa mini. In kamfanin ya yi ƙiba sai ya ba kowa hannu ɗaya kyauta a kan kowane hannu. Buhu ɗaya a raba shi biyu, kuɗin kowane ya zama rabi, amma hatsinka yana nan. Sai bayan makonni sabuwar takarda take zuwa."

Liman ya juya wurin dillali. "Alhaji, tsakaninka da Allah, in takardar nan ta haihu bayan an dangwala hannu, ɗan na wa?"

Dillali ya gyara hula, ya kalli ƙofa, ya ce ai takardar cinikin ta haɗa da duk abin da zai biyo baya, haka ake yi a ko'ina. Ya ƙara da cewa waɗancan biyun an gani, amma wa ya ce wannan ma haihuwa ce? Kamfani yana karyewa. Bango ai ba ya faɗin gobe.

Gaskiya ya faɗa, Baba ma haka yake cewa. Saura taku biyu zanen ya kai ƙofa, kuma nan ne ban so in wanke ba, don nan na same shi a jingine. Na tsoma tsumma na goga. Ga ramin ƙaryata. Ga zoben bara. Ga hawa har tsaga goma sha takwas. Ga faɗuwar ranar Juma'a, sabuwa, gawayinta ya fi na ko'ina baƙi. A kanta, da hannun da bai yi rawa ba ko kaɗan, Baba ya zana ƙaho. Babba ma, ya fi na baya kyau, har da ɗan lanƙwasa.

Ashe murna yake yi. Ashe alhamdu lillahin ta gaske ce. Ya kore ni duba tukunya ne ya zauna ya yi wa jikokinsa zanen haihuwa, ya jingina yana kallon abinsa, Mai abu ya karɓi abinsa. Na zube a wurin cikin ruwan farar ƙasa, na yi kukan da na kasa yi kwana bakwai. Ina ta faɗa ban san ina faɗa ba, "Ba ni ba ce, ba ni ba ce."

Yaya ya tattara takardun uku ya mayar gwangwani ya rufe. Ya ce da dillali, "Alhaji, mun gode da ta'aziyya. Allah ya ba da lada." Ban ga fitarsa ba, ƙarar motar kawai na ji. Goggo ta shigo zauren gaban maza, abin da ba ta taɓa yi ba, ta tsaya tana bin zanen da ido tun daga ƙofa. Ta kai yatsa ta taɓa ƙahon farko ta ce, "Shanun nan ne?" Ta karɓi tsumman daga hannuna ta ƙarasa wanke sauran da kanta.

Duk da haka Yaya bai saki jiki ba, ni ma haka. Ƙaho zanen Baba ne, ba wasiƙar kamfani ba. Sai shekaranjiya direba ya tsaya a ƙofar gida ya yi ta danna oda kamar an biyo shi. Ya biya ta gidan waya a Kazaure aka ba shi ambulan mai sunan Baba. Yaya ya buɗe a gaban Liman, ya miƙo mini ta ƙofar ciki ya ce, "Malama, duba mana." Takarda ta huɗu ce, adadinta daidai da na ukun a haɗe. Ta zo da sunan mutumin da yake kwance kwana arba'in da bakwai.

Da zai tafi Yaya ya sa hannu a aljihu ya ciro wani abu a ƙulle a tsumma. Ya ce masu wanka ne suka same shi a aljihun rigar Baba, ya rasa wanda zai ba. Ƙusar ce, kanta ya yi sumul don riƙo.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da ɗansa a inda ba a rabuwa. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, kuma in ya ji ana cewa takarda ce ta kashe shi, ya ce ƙarya ne, ni na wanke bangon.

Yau Juma'a. Da maza suka tafi masallaci na shiga zaure da jarida da kara. Na auna yatsa shida na bar su fayau, don abin da ban karanta ba ba zan zana ba. Sannan na ƙirga tsaga tara da rabi, na karce, na goga gawayi. Na buɗe baki in faɗa masa ta fara miƙewa, na juya wajen buzun.